Launin Fulogin Baba

Inna ba ta iya magana a waya ba, ihu take yi kamar tana kiran wanda ke tsallaken kogi. Amma ranar da ta kira ni a kan maganar Baba, da ƙyar nake jin muryarta. Ina shagon da nake aiki a Kontagora, sai da na fita waje na toshe ɗaya kunnen.

"Ka taho gida," in ji ta. "Idanun babanku ba su da lahiya, shi ko kullum shina bisa babur cikin daji. Kak ka ce ni nik kira ka."

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce rannan ya dawo hannun rigarsa a yage, kafaɗa duk kartar ƙaya, wai akuya ce ta gitta masa. Ta ce ya wuce amininsa a ƙofar masallaci bai ce masa uffan ba, mutumin da suke tare tun kafin a haife ni. Ta taɓa yi masa maganar, ranar ko tuwonta bai ci ba.

Washegari na shiga motar Yelwa. Ban san hanyar nan tana da tsawo haka ba sai ranar. Duk inda direba ya tsaya ɗaukar fasinja sai in ji kamar in sauka in tura motar. Abu ɗaya ke cin raina: tsoho mai raunin gani, shi kaɗai, a kan babur mai gudu, a dajin da yanzu ko mai lafiyar ido ba ya fatan injinsa ya mutu a ciki. Na san abin da ya kamata, a raba shi da babur ɗin. Yadda za a yi ne ban sani ba.

Baba malamin dabbobi ne. Ya yi ritaya, amma shanu ba su san da haka ba. Daga rugagen Shanga har tungayen bakin ruwa na ƙasar Ngaski, duk wanda sansa ya ƙi ciyawa shi yake nema. Fulani da Kambari da Gungawa, kowa Likita yake ce masa. Babur ɗin da na ofis ne, irin mai dogayen ƙafafun nan da tayoyi masu haƙora, wanda aka yi don yashi da kwazazzabo. Da zai bar aiki aka yi gwanjonsa ya saya. Inna kan ce da babur yana cin tuwo, da shi za a fara zuba wa a gidanmu.

Ba ya kai shi wurin bakanike. Shi ke wanke shi, shi ke juye masa baƙin mai, kuma abin da ya fi ji da shi a duk aikin shi ne duba fulogi. A cikin kafireta, inda fetur ke gamuwa da iska kafin ya shiga inji, akwai wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya, girmansa bai fi ƙwayar masara ba. Jet ake ce masa. Faɗin hudar shi ke yanke yawan man da inji zai sha. In ta yi faɗi, mai ya yi yawa, babur ya yi nauyi yana hayaƙi. In ta yi ƙunci, inji ya yi ta aiki da ƙishirwa, ya ɗau zafi har ya buga. Tunda ba a leƙa cikin inji yana aiki, sai a tambayi fulogi, don shi ke zaune cikin wutar. A kwance shi a dubi ɗan tangaran ɗin da ke bakinsa. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, wannan kuwa shi ne mai kisa. Abin da ake nema launin soyayyiyar gyaɗa.

Kuma a wurin Baba ba a duba fulogi a tsakar gida. Dariya yake yi wa 'yan kabu-kabun Yelwa, masu barin babur yana kuka a tsaye a gindin bishiya, sannan su kwance fulogi su ce ya yi baƙi. Shi sai ya sami fili miƙaƙƙe ya murɗe totur har ƙarshe, yana cikin gudun ya kashe makulli ya damƙe kuloci, babur ya gangara da kansa har ya tsaya. A nan zai kwance fulogin da zafinsa. Ya ce sai an kama shi haka yake faɗin gaskiya. Duk sauyin yanayi sai ya yi wannan aiki, in sanyi ya shigo ya ƙara jet, in bazara ta kama ya rage. Jet ɗin nasa a jere suke a jikin wata waya da ya lanƙwasa kamar awarwaro, daga babba zuwa ƙarami.

Duk wannan na iya shi, amma ba don an zaunar da ni an koya mini ba. Da faɗa na koya. Ni da Baba halinmu ɗaya, saurin fushi da rashin sauka daga kan magana, shi ya sa ba mu cika shan inuwa ɗaya ba. Ina son shi ƙwarai, sai dai ban taɓa samun wurin da zan sa maganar ba.

Na iske shi a zaure yana wanke sirinji.

"Lahiya kaz zo, ba salla ba biki?"

Na ce marmarin gida ya kama ni.

"Kai? Marmarin gida?" Ya yi dariya. "To, Allah shi sa dai ba korar ka anka yi ba."

Na zauna ina kallonsa. A cikin gida ba ka gane komai. Ya san inda buta take, ya san tudun bakin ƙofa, hannunsa ba ya kuskuren aljihun jakarsa. Sai da ya fito rana na dube shi sosai, na ga baƙin idon ya yi hazo-hazo, kamar an ɗiga nono a ruwa. Na miƙa masa wayata ya ga hoton jikarsa, ya kai ta nesa, ya matso da ita, ya juya wa rana baya, sannan ya ce gilashin wayar ya dushe, in canza shi. Da yamma na ji yana yi wa Inna mita wai farar rigarsa ta Juma'a ta koma ja-ja, ba a wanke ta da kyau. Rigar tana kan igiya, fara sol. Inna ta dube ni.

Na yi haƙuri har washegari, wanda a wurina ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, sannan na kawo maganar asibiti. Na ce yanar ido ce, ana cire ta, mutane da yawa sun yi sun warke. Ashe na taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Yana da wani aboki da masu magani da ke yawo kasuwa-kasuwa suka ture wa yanar ido da tsinke, ido ya tsiyaye, har ya mutu da sanda yake tafiya. Na ce asibiti daban, waɗannan daban. Ya ce duk wanda zai sa ƙarfe a idon mutum ɗaya ne a wurinsa, kuma ma wa ya ce yana da yana?

"Abin da babba yah hango," in ji shi, "yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai."

Na ce, "To ai hangen muka magana, Baba."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita. Inna ta bi ni da harara har na rasa inda zan sa fuskata.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. In ya tayar da babur ya fita, sai in kasa tsayawa a gida. In gangara bakin ruwa in kalli ana loda buhunan albasa a jirage, in ji hayaniyar ta ishe ni, in dawo. In zauna a zaure, in tashi, in leƙa titi. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Na yi tunanin ɓoye makulli, Inna ta ce zai haɗa waya ya tayar. Na yi tunanin kwance sarƙa in jefa rijiya. Na yi tunanin zuwa wurin amininsa, na tuna Baba zai ce na kai ƙararsa gari. Kowace dabara na ɗauko sai in ga ta fi ni tsoronsa. Ga maigidana yana ta kira daga Kontagora yana tambayar yaushe zan dawo, ni kuma ba ni da amsa.

Ana cikin haka kunnena ya fara kama wani abu. In Baba ya dawo ya saki totur a ƙofar gida, salansar babur ɗin sai ta riƙa harbi tas-tas. In ya kashe, injin ya daɗe yana ƙas-ƙas, yana warin tukunyar da ta ƙone. Na tsuguna na duba wuyan salansa, na ga ya yi shuɗi. Babur ɗin nan ƙishirwa yake ji, ko ni da ba gwani ba na gane.

Na ce, "Baba, kamar mai ya yi ma babur ɗin ga kaɗan."

"Kaɗan? Yawa dai. Man zamanin ga ba mai na ba. Tun da zahi yak kama nika rage jet, in rage in duba, hulogi da duhu. In ƙara ragewa, da duhu. Ban taɓa ganin irin haka ba."

Nan take na haɗa maganar da farar rigar kan igiya. Idon da ke ganin farar riga ja-ja, shi ne ke duba fulogi. Kullum zai ga duhu, kullum zai rage, babur kuma yana ta ƙonewa a ƙarƙashinsa. Kuma na san abin da ke faruwa in inji ya buga ana cikin gudu: tayar baya ta ƙame, babur ya watsar da mutum. Da tsoron kututture da rami nake yi, yanzu abin da yake zaune a kai ma ya zama abin tsoro.

Da safe aka yi masa waya daga wata tunga kafin a kai Wara. San noman wani Bakambare ya kwanta, ciki ya kumbura. Baba ya hau haɗa jaka, yana cewa a hanya zai tsaya fili ya sake duba fulogi, ba a fafe gora ranar tafiya, damina na tafe. Na ce zan bi shi.

"Nauyinka shi ɓata mani awo."

"In mun kai hilin in sauka."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce dama tana son busasshen kifi, na tungar nan ya fi na kasuwa. Baba ya dubi wajen da muryarta ta fito, ya dubi wajena, ya yi tsaki. Na hau baya kafin ya sake shawara.

Ban taɓa yin tafiya irin wannan ba, ba na kuma fatan in sake. A kan kwalta a hankali yake tafiya, manne da gefen hanya, yana ta danna ham ko ba kowa. Babbar mota in ta taho sai ya sauka ƙasa gaba ɗaya. Amma da muka bar kwalta muka shiga hanyar daji sai ya saki jiki, don a nan ba da ido yake tuƙi ba, da sabo yake yi. Ya san inda yashi yake, ya san gangaren kowane rafi, jikinsa yana kwanciya kafin kwana ta zo. Abin da bai sani ba shi ne abin da aka ajiye jiya. Wani reshe da aka sare aka bari a hanya, sai da muka kusa hawa kansa ya kauce. Wasu matan Kambari da kayansu a kafaɗa suka watse cikin gona suna salati da yarensu. Baba ya ɗaga musu hannu kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa cinyoyina har ciwo suke don matse babur, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Muka fito bakin tafki. Bazara ce, ruwa ya ja baya can nesa ya bar fili shimfiɗe, ƙasa mai tauri da 'yar ciyawa kore, ga kwale-kwale nan da can a kife inda ruwa ya bar su. Can gefe garken shanu na kiwo. Zafi har yana rawa a saman ƙasa. Ya sauke ni da jakar kusa da wani kwale-kwale, ya ce kar in tsaya masa a hanya. Ya tafi har ya zama ɗan ɗigo, sannan ya juyo.

Na ji shi kafin in gan shi sosai. Kukan injin ya yi siriri, a cikinsa kuma akwai wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A raina ina cewa kashe, Baba, kashe mana. Bai kashe ba sai da ya kai inda ya saba. Ƙarar ta ɗauke, babur ya taho shiru yana gangarawa, rigarsa tana kaɗawa, ya tsaya ɗan nesa da ni. Na ruga da jakar.

Ya ciro sufana ya naɗe hannu da tsumma ya kwance fulogin. Ya ɗaga shi sama yana juyawa, ya ƙanƙance ido.

"Ka gani? Har yanzu da sauran duhu."

Na karɓa na duba. Fari ne fat kamar alli, ya bushe ƙayau, ga wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli a jikinsa. Na san su, shi ya taɓa nuna mini su a fulogin wani: ƙarfen fistin ne, mai kai-komon nan na cikin inji, ya fara narkewa yana fallatsa. Kafin in ɗago, Baba ya riga ya ciro wayar jet yana lalube da babban yatsa. Ya kai kan na ƙarshe, mafi ƙanƙanta.

"Baba, hulogin ga hwari na."

"Mi kac ce?"

"Hwari na hwat. In kas sa wanga jet, wallahi injin ga ba shi kai ka gida."

"Ni za ka koya ma launin hulogi?" Muryarsa ta hau. "Tun ba ka san hannunka na dama ba nika wanga aiki. Don ka zauna birni ka ga fitilu, shi na za ka zo ka ce mani ban gani?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ai ba ya gani ɗin, kowa ya sani, Inna ta sani, amininsa ya sani, matan da muka kora cikin gona ma yanzu sun sani. Na faɗi abin da ke bakina har da wanda ba ya ciki. Shanun da ke kiwo suka ɗago suna kallonmu. Na zaci zai mare ni, har na shirya.

Bai mare ni ba. Ya fizge fulogin daga hannuna ya jawo jakar.

"Tsaya in gwada ma hwari, tunda ba ka san shi ba."

Kullum yana tafe da sabon fulogi a kwalinsa saboda tsaro. Ya ciro shi, ya yage kwalin da haƙori, ya riƙe sabon a hannun dama, tsohon a hagu, ya haɗa bakunansu ya ɗaga su sama don in gani. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya.

Ya daɗe a haka. Ya juya wa rana baya ya duba. Ya juyo ya fuskance ta ya duba. Ya goge ido da bayan hannu, ya sauya su, na dama ya koma hagu. Ba wanda zai gaya wa Baba launin sabon fulogi, ya buɗe su ba adadi, ya san daga kamfani fari yake fitowa.

"Wanga sabo na?"

"Sabo na, Baba. Kai kab buɗe shi."

"To." Ya sauke hannuwansa. "Ɗaya nika ganin su. Dut biyu da duhu."

Ya je ya zauna a kan kwale-kwalen da ke kife, fulogi biyu a hannunsa. Abin da ya kawo ni daga Kontagora ke nan, in ji ya faɗa da bakinsa. Ga shi ya faɗa, ni kuma ban ji daɗin komai ba. Na so a ce ni ne na yi kuskure. Na so ya tashi ya ci gaba da zagina. Tausayinsa ya kama ni har na juya ina kallon ruwa don kar ya ji a numfashina.

Can ya ce, "Ashe innarku tana wanki."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Shi ma ya ɗan murmusa.

Sannan ya tuna da san mutane. Ya miƙe ya tsuguna gefen babur, ya rufe mai, ya kwance ƙoƙon ƙasan kafireta, fetur ya zubo masa a yatsu. Ban taimaka ba, bai kuma nema ba, hannunsa ya san kowane noti ko ba ido. Ya ciro jet ɗin da ke ciki, ya bi waya da yatsa yana komawa baya wajen manya, ya tsaya a kan wani ya ɗaura. Ya miƙo mini sabon fulogin da sufana.

"Ɗaura. Hau ka yi gudun. Kak ka ji tsoron totur, murɗe shi dut, in ba haka ba ƙarya za shi yi ma."

Na hau. Na tafi can ƙarshen fili na juyo, na murɗe har hannuna ya tsaya. Iska ta cika mini baki, ƙasa na gudu a ƙarƙashina, tsakuwar nan ta cikin gwangwani ta ragu amma ba ta tafi ba. Na kashe, na damƙe kuloci, na gangaro. Na ƙone yatsa wajen kwance fulogin.

"Ya ya hito?"

"Ya ɗan taɓa launi can ƙasa, amma da sauran haske."

"Ashe na yi nisa," ya ce. Ya sake tsugunawa ya ƙara na gaba da shi.

A gudu na biyu muryar injin ta cika, ta yi kauri irin wadda na sani tun da. Na kwance na duba na ce masa gyaɗa ta fara soyuwa. Ya karɓa ya kai hanci ya shinshina, ya miƙo mini. Na ɗaura. Ya rataya jakarsa, ya zagaya, ya ɗaga ƙafa ya hau baya. Bai ce in tuƙa ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da ya ba ni mamaki rashin nauyinsa. Sai na riƙa jin kamar ba kowa a bayana, har ina taɓa gwiwarsa da gwiwar hannuna in tabbatar. Shi ke ba ni hanya, bayan tsamiya ka yi dama, rafin nan ka bi ta sama don ƙasan yashi ne. Na ga kamar lokacin ya yi, na fara maganar asibiti a hankali.

"Tuƙi kaka yi ko wa'azi?"

Na kama bakina. Mun yi nisa, har na cire rai, sai na ji shi kusa da kunnena.

"Su likitocin ga, barci suka sa mutum ko ido biyu aka yi?"

Na ce ban sani ba, amma ma tambaya.

Muka fara jin ƙaurin bandar kifi, rufin ɗakunan tungar suka bayyana ta bayan gonakin albasa. Sai ya dafa kafaɗata.

"Tsaya nan."

Na tsaya. Ya sauka ya tsaya a gefe yana gyara hula, bai dube ni ba.

"Mutanen ga ba su taɓa ganin an ɗauko ni ba," ya ce. "In sunka ga Likita bayan babur awa buhun gero, sun gane. Gobe ko akuya ba mai kira na in duba."

Na gane abin da yake roƙo, ko da yake Baba bai iya roƙo ba. Na dubi ragowar hanyar. Ba nisa, amma siririya ce, ga turakun shanu a gefe, ga ragar kamun kifi an shanya, ga awaki, ga wani rami da aka haƙi ƙasar gini. Na baro aikina don in raba shi da wannan kujera, ɗazu-ɗazu ya sauka da kansa, yanzu kuma ni zan mayar da shi? In ya faɗi a gaban mutanen fa? In ya take ɗan wani? Me zan ce wa Inna? Raina ya ce a'a, ya sake cewa a'a. Na ja jikina baya na bar masa gaba.

Ya hau. Ya gyara zama, ya miƙe baya, ya sa giya. Na matso har haɓata ta kusa taɓa kafaɗarsa, na yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai shi.

"Hagu kaɗan, Baba, turke. Miƙe. Rami ga dama, bi ta nan. Akuya, sassauta. Ta wuce."

Duk abin da na faɗa babur yana yi. Mutane suka ji ƙarar da suka sani suka fara fitowa. Mata suka bar banda, wani dattijo ya taso daga gindin mangwaro yana ɗaga hannu, ana ta faɗin Likita ya iso, Likita ya iso. Baba ya saki hannu ɗaya yana amsa gaisuwa, yana kiran sunan kowa daga jin muryarsa, yana tsokanar wannan yana tambayar wancan jikin uwarsa. Muka shigo fili tsakanin gidaje, hanya ta buɗe ba komai a gaba, sai na yi shiru na bar shi.

Fuskarsa tana wajen mutane, dariya yake musu. Ta gefen baki ya yi maganar, da wata murya da ban taɓa ji a wurinsa ba.

"Kak ka yi shiru," ya ce. "Ci gaba da hwaɗi."